Yadda ake riƙe zaman lajnar unguwa a tashi ba wanda ya ce an yi son kai

Tun da mutane suka fara komowa Wad Madani ta Sudan bayan sojoji sun karɓe ta daga hannun Da'am, wato dakarun RSF, a watan Janairun 2025, zaman lajna, wato kwamitin unguwa, ya yawaita a unguwanninmu, kuma ya ƙara zafi. A da abin da ke tara mu bai wuce gyaran rufin masallaci ba, ko nafir, wato aikin gayya, na yashe tur'a, magudanar ruwan noma, ko lissafin sanduƙin unguwa. Yanzu ana zama ne a kan sunan wa zai shiga takardar tallafi, wa ya zauna a gidan wa lokacin da mai gidan ya gudu Gadarif ko Kassala, ina kuɗin da 'yan'uwa suka turo daga Jidda don sayen solar rijiya suka shiga, a ƙofar wa za a ɗora tukunyar takiya, wato girkin sadaka na unguwa. Kowa da mikinsa yake zuwa. Wanda aka ce ya riƙe irin wannan zama an aza masa kaya mai nauyi, kuma yawancinmu babu wanda ya nuna mana yadda ake ɗaukarsa.

Na riƙe zaman lajnar unguwarmu shekaru da dama kafin yaƙi, na kuma ci gaba bayan mun komo. Abin da na gani da idona shi ne mutanenmu suna jure hukunci ko da ya yi tsauri. Abin da ba ya haɗiyuwa a wurinsu shi ne a tsananta wa wani a sassauta wa wani alhali laifinsu ɗaya. Ranar da aka yi haka zaman ya mutu, ko da an ci gaba da shimfiɗa tabarma kowace Juma'a. Duk abin da zan jero a nan, wannan ɓarakar yake toshewa.

A yi doka ranar da babu faɗa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da aka ƙago ana tsakiyar rigima, wanda ta faɗa wa zai ce don shi aka yi ta, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Saboda haka ku keɓe zama guda wanda babu komai a cikinsa sai maganar dokar zama. Kada ta wuce biyar ko shida, yadda tsoho zai riƙe ta a ka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lafazin dokar. Za ka ji an ce "ba a yarda da rashin kunya ba", ko "kowa ya girmama kowa". Magana ce mai daɗin ji, sai dai ba ta da mudu. A wurinmu da shekaru ake auna rashin kunya: saurayi ya tambayi ina rasit, a ce ya yi fitsara, dattijo ya kira mutum ɗan banza, a ce faɗan manya ne. Dokar da ta rataya a kan yadda shugaba ya ji a ransa, kullum a kan yaro da baƙo take ƙarewa. Ku rubuta abin da ido ke gani, kunne ke ji. Ba a katse mai magana. Ba a ambaton iyayen mutum ko ƙabilarsa ko sana'ar gidansu don a ƙasƙanta shi. Ba a jifan kowa da zargin sata ko cin amana sai da shaida a hannu. Ba a yanke wa wanda ba ya nan hukunci. Kowa minti uku. Irin waɗannan ko yaro zai iya cewa an karya ko ba a karya ba.

Sai ku jera horon tun daga ƙasa: tuni da baki, sai gargaɗin da ake rubutawa wanda muke ce wa inzar, sai hana magana a ragowar zaman, sai garama, wato tara, sai dakatarwa daga zama biyu. Kada ku yanka garama da jine, kuɗin Sudan. Darajarsa zubewa take yi, abin da ya ciji mutum bara, bana da ƙyar ya sayi shayi, sai ya zama wanda aka ci tara daga baya ya sha da sauƙi a kan laifi iri ɗaya. Mu ratal biyu na sukari, wato wajen laba biyu, muka sa, a kai takiya. Wanda ba shi da hali ya yi yini guda a nafir.

A karanta dokar da Hausa, a sake karanta ta da Larabci. 'Ya'yanmu da aka haifa a Madani ko Khartum Larabcinsu ya fi Hausarsu ƙarfi, tsofaffin da suka zo daga ƙauye kuwa akasin haka, ga kuma maƙwabtan da ba Hausawa ba. A ɗaga hannu a kanta, a rubuta ranar a shafin farko na daftari, a manna kwafi a bangon masallaci.

Mutum uku, gida uku

Kada mutum ɗaya ya riƙe zama shi kaɗai. Ana bukatar shugaban zama, da marubuci mai riƙe daftari, da mai duba lokaci. Amin mal, wato mai ajiyar kuɗi, ba ya cikin ukun nan, domin rabin rigimar a kan aljihun da yake riƙe da shi ake yi.

Kada ukun su fito gida ɗaya, ko zuri'a ɗaya, ko sahun masallaci ɗaya. Daga waje duk Fallata ko Takari ake ce mana, amma mu mun san ba haka muke ba. Akwai jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno, akwai na alhazan da suka biyo hanyar Makka a ƙafa suka tsaya a nan, akwai waɗanda aikin auduga ya jawo bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Da Bakano da Basakkwace da Babarbare da Bafillace, da Batijjane da ɗan Ansarus Sunna, duk tabarma ɗaya suke hawa, kuma kowa yana ƙirga nasa nawa ne a gaba. Ku raba ukun yadda duk wanda ya ɗaga kai zai ga fuskar da ya yarda da ita. Ku naɗa mataimaki tun yanzu, daga ɓangaren da ba na shugaba ba, don akwai ranar da za a neme shi.

Wurin zama

A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisarsa da hukuncinsa, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da rai daga adalci. Ka lura majalisa ta zo kafin hukunci. Mutum yana karanta makomarsa tun daga inda aka zaunar da shi.

Ku zauna a rakubar masallaci, wato rumfarsa, ko farfajiyar makaranta. Diwanin attajiri, wato zaurensa, ya fi sanyi, gaskiya ne, amma ba wanda zai sha jabanar mutum, wato gahawarsa, sannan ya tambaye shi lissafi. Tsofaffi a ba su inuwa da angareb, wato gadon igiya, wannan haƙƙin shekaru ne, ba mai jayayya. Amma in mutum biyu ne ke da magana a tsakaninsu, to su zauna daidai: in ɗaya yana kan angareb, a kawo wa ɗayan; in babu, su sauko tabarma tare. Kai ma kada ka zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗayansu, kada ka yi raɗa da kowa ana cikin zama, ko da tambayar ƙarfe nawa ce. Wanda ke nesa bai ji abin da kuka ce ba, zuciyarsa za ta cike masa gurbin.

Lokaci kuma, bayan la'asar ya fi, amma ku duba kada ya faɗa ranar da ruwa ya zo wa masu hawasha, wato gonar ban ruwa, ko kwanakin cirar auduga. Sa zama a lokacin da ka san wani ɓangare ba zai samu zuwa ba, yanke hukunci ne tun kafin a zauna.

Mata su ne ke tsaye a kan tukunyar takiya tun asuba, su suka san gidan da ya kwana biyu bai hura wuta ba. A shimfiɗa musu tabarmarsu inda za su ji a kuma ji su, ko su yi nasu zaman su turo mata biyu da abin da suka tsayar, marubuci ya rubuta shi da nauyi ɗaya da na maza. "Maigidanta zai faɗa mata" ba ya wadatarwa, balle yanzu da gidaje da yawa ba maigidan.

Layin magana

Liman ya buɗe da addu'a. Kai kuma ka faɗi abin da ya tara ku, kada ya wuce abu uku, ka maimaita dokar a taƙaice kowane zama, ko da kowa ya haddace. Marubuci ya ɗauki sunayen masu son magana bisa yadda suka ɗaga hannu. Ba mai yin magana ta biyu sai kowa ya yi ta farko.

Ga wata dabara da ta yi mini amfani ƙwarai. In omda, wato dagaci, yana wurin, ko dattijon da ya fi kowa girma, kada shi ya fara. Da zarar ya faɗi ra'ayinsa, duk wanda ya biyo baya sai ya ce "kamar yadda Baba ya faɗa", a tashi ba a ji komai ba. Ka je masa tun kafin zama ka ce, "Baba, so muke kai ka rufe mana, bayan ka ji yaranka." Girmamawa ce, zai ji daɗinta, kuma ta ba ƙanana sarari su buɗe baki.

Mai lokaci ya ajiye wayarsa a tsakiyar tabarma inda kowa ke gani. In minti uku ya cika shi zai ɗaga hannu, ba kai ba. In kai ne ke tsayar da mutane, za a ce ka bar wane ya zarce don ra'ayinku ɗaya. Doguwar gaisuwa da jero sunayen manya tana cinye lokaci, don haka ku yarda cewa ta liman ta isar wa kowa. Wanda sai an fassara masa, kada a lissafa masa lokacin fassarar. In kuma ka ga dole a ƙara wa wani minti biyu saboda maganarsa ta lissafi ce, ka faɗa a fili, ka ƙara wa mai ba shi amsa biyun shi ma.

Ranar da naka ya karya doka

A nan ake gane shugaban zama, kuma a nan na faɗi. A 2023, bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, Madani ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, muka sauke wasu a makarantar unguwa. Muna zama kan rabon abincinsu, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya katse wani mutum sau biyu, a na biyun har ya ce masa, "Kai da ka zo jiya." Na sunkuyar da kai kamar ina duba takarda. Can gaba wani saurayi daga cikin baƙin ya tsoma baki sau ɗaya cikin bayanin amin mal, nan take na ce a rubuta masa inzar. Ya miƙe ya ce, "Ustaz, na karɓa. Amma na Baba fa, a wane shafi aka rubuta?" Ya ɗauki takalminsa ya fita, samari biyar suka bi bayansa. Zama uku ba mu ga ko ɗayansu ba, alhali su ne masu ɗebo ruwa da faskaren icen tukunya.

Na rasa barci a kan maganar yaron nan, domin ba ta da amsa. Na je wurin kawu da dare na gaya masa abin da zan yi. A zama na gaba na ce wa jama'a na yi kuskure biyu: na ƙyale wanda ya cancanci inzar, na kuma tsallake matakin tuni a kan wanda laifinsa na farko ne. Aka rubuta wa kawu nasa, aka mayar da na saurayin tuni, aka rubuta kuskurena da sunana. Kawu ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, sai da mahaifiyata ta shiga tsakani. Samarin kuwa sun komo.

Abin da na koya shi ne lafazi yana iya bambanta, hukunci kuwa a'a. Saurayi za ka ce masa, "Ɗan'uwa, dakata ya gama." Dattijo za ka rage murya ka ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, dokar da muka ɗaga wa hannu ce, har da hannunka. Bari ya ƙarasa, sunanka na nan a layi." Tsohuwa ka ce, "Inna, yi haƙuri, yanzu za a zo kanki." Amma abin da marubuci zai sa a daftari iri ɗaya ne. Kuma ka yi shi a karo na farko. In ka bari sai karo na uku, ka riga ka ci bashin biyu, kuma duk wanda ka tsayar bayan nan zai tambaye ka su.

Masu zuwa roƙo ba za su rasa ba: "Haba Malam, ka san fa ko wane ne." Ka tuna musu da matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Ratal biyu na sukari ba haddi ba ne, amma cutar ita ce dai.

Akwai kuma karkata ta ɗaya gefen wadda ba a cika lura da ita ba: ka tsananta wa naka fiye da kima don a ce kai adali ne, ko ka sassauta wa mai tsiwa don gudun bakinsa. Dokin mai baki ya fi gudu, in ba ka yi hattara ba masu kunya ne kaɗai za su riƙa biyan garama.

In magana ta zama ƙara

Wani lokaci tattaunawa takan rikiɗe ta zama wane ya yi mini kaza. To, sai ka canza tafiya. Mai ƙara ya faɗi tasa ba katsewa, wanda ake ƙara ya samu daidai wannan lokacin. Annabi ya hori Sayyidina Ali, lokacin da ya aike shi Yaman, kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Tambayar da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan. In ka ce wa wannan "ina shaidarka", kada ka ce wa wancan "mun san halinka, ba sai ka rantse ba". In kuɗi ne, a fito da rasit ko a nuna ish'ar ɗin Bankak a waya, wato shaidar tura kuɗi ta manhajar banki, marubuci ya kwafe lamba da rana. In wanda ake magana a kansa ba ya nan, a tsaya, a aika masa mutum biyu, a ɗage zuwa zama na gaba. Sai ya ƙi zuwa sau biyu bayan saƙo ya isa hannunsa sannan a ci gaba, kuma wannan ma ya zama haka ake yi wa kowa.

In ka ji zuciyarka ta hau, kada ka yanke komai. Hadisi ya hana alƙali hukunci yana cikin fushi. Ka ce a sha ruwa, ko ka bari a yi magariba a komo. Sau da yawa alwala takan kashe abin da baki ya kasa.

Magana iri biyu ce ba ta bin matakin tuni da inzar, a take ake yanke ta, ko daga bakin wa ta fito. Ta farko zagin ƙabila. Mun ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu, kuma kafin a zare makami baki ne ya fara. Wanda ya ɗanɗana wannan bai kamata ya bar irinsa ya tsiro a tabarmarsa ba, ko a kan maƙwabci aka faɗa, ko a tsakaninmu. Ta biyu ita ce ce wa mutum muta'awin, wato ya haɗa kai da Da'am lokacin da suke riƙe da gari. Kalmar nan a yau tana iya sa a ɗauke mutum, tana iya sa a kashe shi. Mutanen kanabi, wato matsugunan ma'aikatan gona, a jihar Jazira sun ga haka a farkon 2025. Da yawa waɗanda suka zauna ba su gudu ba, rashin kuɗin mota ne ko tsohuwa marar lafiya ta riƙe su. Da ka ji an fara, ka miƙe tsaye ka ce, "Wannan ba ta zaman nan ba ce. Mai hujja ya san inda hukuma take." Kada marubuci ya rubuta sunan wanda aka jefa, ya rubuta na wanda ya yi jifan da horon da aka yi masa.

In maganar ta taɓa ka

Wanzami ba ya son jarfa, amma dole ya miƙa wuya. In ƙarar ta shafi ɗanka, ko surukinka, ko abokin kasuwancinka, ko wanda ke binka bashi, ko wanda kowa ya san ba kwa ga maciji, ka tashi daga wurin shugaba ka ba mataimaki, ka koma cikin jama'a ka ɗaga hannu kamar kowa. Ka faɗa da bakinka kafin wani ya faɗa maka. Ko ka tabbata za ka yi adalci, wanda hukuncin ya faɗa wa ba zai taɓa tabbata ba.

Daftari

Kafin a shafa fatiha, marubuci ya karanta abin da aka tsayar da babbar murya, da harshe biyu: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, wa aka yi wa inzar kuma a kan wace doka. Mai gyara ya gyara a nan. Abin da ba a karanta a gaban jama'a ba, ba a yanke shi ba.

Babban amfanin daftari shi ne waiwaye. Duk lokacin da za a hori wani, ka ce wa marubuci, "Duba mana, wanda ya yi irin wannan a baya me aka yi masa?" A karanta, a yi daidai da shi. Da wannan tambaya kaɗai rabin gunaguni yake mutuwa, domin mutum ya ji ba a kansa aka fara ba. In kuwa kun gane abin da aka yi a baya kuskure ne, ba dole ku dawwama a kansa ba. A cikin wasiƙar nan tasa Sayyidina Umar ya ce hukuncin jiya kada ya hana komawa ga gaskiya. Sai dai a yi canjin a fili, a rubuta dalili, ya fara aiki daga zama na gaba. Kada a canza awo alhali hatsin wani yana cikin mudu.

Ka kiyayi zama na biyu, wanda ake yi da dare a gindin jabana, mutum huɗu su warware abin da mutum arba'in suka ƙulla. Za a biyo ka gida, wani da kuka, wani da leda a hannu. Ka karɓe shi da mutunci, ka mayar masa da ledarsa, ka ce, "Alhaji, maganarka tana da ƙarfi, ka kawo ta ranar Juma'a kowa ya ji." Haka 'yan'uwanmu na Makka da Jidda da Riyad masu turo kuɗi: Allah ya saka musu, haƙƙinsu ne a karanta musu lissafi filla-filla, a kuma ji ra'ayinsu ta waya a cikin zama. Amma riyal ba ya sayen murya biyu, kuma ba ya goge inzar ɗin ƙanen mai turowa.

Ƙofar ɗaukaka ƙara, da iyakar lajna

Kowane hukunci ya zama yana da inda za a kai kuka. Ku zaɓi ajawid uku, dattawan da ba sa cikin masu riƙe zama, ku ba wanda bai gamsu ba mako guda ya je musu. Su duba abu biyu kawai: an bi dokar da aka rubuta? An yi wa wasu haka a baya? In suka ce ka yi kuskure, ka karɓa a gaban jama'a ba tare da ƙunƙuni ba. Tsarin judiyya, wato sulhun dattawa, da muka tarar a ƙasar nan ya daɗe yana kashe wutar da ta fi wannan, kuma ƙarfinsa daga yardar ɓangarorin biyu yake.

Ku san kuma abin da ya fi ƙarfinku. Jini, da makami, da rabon gado, da rikicin mallakar hawasha ko gida, na omda ne da alƙali da 'yan sanda. Lajnar da ta sa hannu a waɗannan takan ƙone, ta rasa ma ikon raba sukari.

Wanda ya biya garamarsa ko ya cika kwanakin dakatarwarsa, ya wanke. Ranar da ya komo ka yi masa maraba da sunansa, ka sa shi a layi kamar kowa, kuma duk wanda ya tayar masa da tsohon zance, shi ne ya karya doka.

Shekara guda ta isa riƙon zama. Kafin ka sauka, ku zauna kai da marubuci da mutum ɗaya daga ajawid, ku buɗe daftari tun daga shafin farko ku ƙirga: inzar nawa aka yi, nawa a kan samari, nawa a kan dattawa, nawa a kan baƙi, nawa a kan 'yan gida, nawa a kan danginka, mata sau nawa suka yi magana. In ka ga duk horon ya taru a gefe ɗaya na tabarma, kada ka yi saurin cewa ai su ne masu laifi. Ka nemi mutum biyu daga wannan gefen ka tambaye su abin da suka gani wanda kai ba ka gani ba. A karanta ƙidayar a zaman ƙarshe, a rubuta ta a sabon shafi, sannan ka miƙa daftarin ga wanda aka zaɓa.